Ƙuli-ƙuli Ba Gyaɗa Ba Ne

Litinin, 7 ga Yuli, bayan azahar

Wannan littafi jikata Ummukulthum ce ta kawo mini don in riƙa rubuta awon hawan jinina safe da yamma, in kai wa likita ƙarshen wata. Na yi kwana huɗu ina rubutawa na gaji, lamba ba ta da daɗin hira. Na yau dai ya hau. Kuma ba gishiri ne ya hau da shi ba.

Jiya da yamma aka kwashi mijin Ummu, Suhaib, zuwa asibiti. Angon sati shida. Na je na gan shi yau da safe. Leɓensa na sama kamar an ɗora masa fanke, idanu sun shige ciki, wuya duk borin jini. Na tsaya a bakin gado na ce, "Angona, wa ya hura ka?" Ya so ya yi dariya, bakin ya ƙi lanƙwasuwa. Ummu ta harare ni. Ta ce jiya numfashinsa sama-sama yake, a mota ta riƙa kiran sunansa har suka iso, don kada ya yi shiru. Sai na bar wasan. Na kai minti biyu ban ce komai ba, kuma duk Unguwar Kanawa za su shaida wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wai gyaɗa ce. Tun lokacin biki aka gaya mini jikin yaron nan ba ya karɓar gyaɗa, na ɗauka iyayi ne irin na masu aikin ofis. Bahaushe haifaffen Kaduna, a ce bai taɓa shan kunun gyaɗa ba, bai san tsire ba, kilishi sai dai ya hango a hannun mutane. Har na sa masa suna Baturen Unguwar Rimi. Ashe abin gaske ne, har kisa yana yi.

Likita ya tambayi abin da ya ci jiya. Ummu ta lissafa: shayi da burodi, shinkafa da miya, wani biskit da abokin aikinsa ya kawo masa tsaraba, sai kazar da ta gasa masa a gida. Aka nemo ledar biskit ɗin, likita ya sa tabarau, ya gano wani rubutu can ƙasa kamar kashin ƙuda, wai a injin da ake sarrafa gyaɗa ake yin sa, mai yiwuwa a samu ɓurɓushi. Kowa ya ce to, ga mai laifi.

Ni ma na ce ga mai laifi.

Kazar da yajina aka ci ta. Ba wanda ya tsaya a kan wannan, don kwalbar tana da takardarta.

Litinin, bayan la'asar

Ƙuli-ƙuli ba gyaɗa ba ne.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda littafi ba ya kai gulma.

Shekara talatin da ɗaya ina daka yaji a gidan nan. Bara da Ummu ta gama jami'a tana zaman jiran aiki, ta ce yajin Kaka ya fi ƙarfin ƙullin leda. Ta samo kwalabe, ta sa aka buga sitika mai hotona ina murmushi kamar wadda ta ci zaɓe, aka rubuta Yajin Kaka Hansai. Kantuna uku suka karɓa, biyu a Unguwar Rimi, ɗaya a Malali. Mai babban kantin ya ce sai an rubuta abin da ke ciki, saboda masu lalura. Ummu ta zauna a kan tabarma da biro, ina lissafa mata: barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, gishiri. Ta ɗago kai ta ce, "Akwai gyaɗa?" Na ce babu.

Kuma babu. A zo a zazzage kwalbar a faranti, duk wanda ya tsinci ƙwayar gyaɗa ɗaya in cire ɗankwalina in ba shi. Ita kuwa ta je ta sa aka buga da jan rubutu manya-manya, BABU GYAƊA, da Hausa da Turanci.

Ba ta tambaye ni ƙuli-ƙuli ba.

Gyaɗar da aka soya, aka niƙa, aka matse har ta zubar da duk man jikinta, aka mulmula, aka sake soyawa, ta bushe ƙamas, aka kuma daka ta. Abin da ya sha wannan wahala ai ya tashi daga sunansa na da.

Abin da ya sa ban faɗa ba kuwa, Talatu ce, maƙwabciyata, ita ma mai yaji. Shekara goma sha tara da suka wuce, a wani gidan suna, gaban mata sun fi arba'in, na ɗanɗana yajinta na ce wannan ai garin ƙuli ne aka nuna wa barkono daga nesa. Na ce nawa tsantsa ne, ni ba na cika kwano da ƙuli. Mata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Tun ranar sunanta ya koma Talatu mai ƙuli. Masu keke napep ma da sunan suke sanin kwanar layinmu. Ba ta taɓa ramawa ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, a bushe.

Nawa ƙulin daga kasuwar Kawo nake sayowa, wurin wata Hasiya. Da niƙabi nake zuwa, ni da ba na sa niƙabi. In rufe ƙofa, in ƙure rediyo, sannan in daka. Ɗan kaɗan nake sawa. Mudu ɗaya a cikin uku.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan la'asar

An sallamo Suhaib. Na je gidansu a Unguwar Rimi, na tarar da Ummu a tsakiyar kicin ta zama alƙali. Likita ya ce kada wani abu na leda ko gwangwani ya shiga bakin mijinta sai an karanta jikinsa tun daga sama har ƙasa. Ta baje komai a ƙasa, tana haska rubutun da fitilar waya, tana yanke hukunci. Biskit ya tafi. Cakulan ya tafi. Garin kunun kanti ya tafi. Wani abin shafa wa burodi ma don rubutun ya goge ba a iya karantawa, shi ma ya tafi. Maƙwabta sai shigowa suke da ledoji suna mata jaje suna kwasa.

Da ta gama, abin da ya rage a kan kanta: gishiri, shinkafa, da kwalaben yajina guda shida da na sa mata a cikin gara. Fuskata shida a jere suna mini murmushi.

Ta nuna su ta ce, "Kin gani, Kaka. Duk gidan nan naki ne kaɗai ya fito fili ya faɗi gaskiya, ba sai an nemo tabarau ba."

Na ce ƙishirwa nake ji.

Shi kuwa gogan yana kwance a falo, leɓe ya fara komawa mazauninsa. Likita ya hana shi duk wani abu mai zafi sai maƙogwaro ya warke, nan da sati biyu. Ya ce ya riga ya yanke shawara, ranar Asabar 26 ga wata za a gasa kaji, a kira dangi a yi wa Allah godiya, kuma lomarsa ta farko da yajin Kaka zai yi ta. Wai tun yana yaro bai taɓa cin yajin waje ba, sai barkono da gishiri da mahaifiyarsa ke daka masa, ranar Lahadin nan ne ya san abin da mutane ke ji. Ya lumshe ido ya ce, "Hajiya Kaka, akwai wani gardi-gardi da yake bari a ƙarshen harshe. Mene ne shi?"

Na ce albarkar hannu ce.

Juma'a, 11 ga Yuli, da safe

Saura kwana goma sha biyar. Awo ya hau.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan azahar

Na kira Ummu na ce ta dawo mini da kwalaben nan, sun kwana biyu, ina jin sun mutu. Ta ce a jikinsu an rubuta sai baɗi, kuma ni da bakina na ce yajina ko shekara uku ya yi sai dai ya ƙara ƙarfi. Wannan yarinya ba ta mance magana, sai dai in aika ka yi mata.

Na bari aka jima na sake kira, na ce na yi mafarki ba mai kyau ba, na ga kaza gasasshiya tana bin Suhaib da gudu. Ta ce Allah ya sa alheri ne. Can sai ga saƙonta, wai ta yi sadaka da ƙosai, an rufe wannan babi, kuma in rage cin tuwo da nauyi.

Ja'ira.

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Na je wurin Malam Abdulƙadir mai makarantar bakin layi, na ce fatawa na kawo, ba tawa ba, ta wata baiwar Allah ce a Unguwar Dosa. Na zayyana masa komai: an tambaye ta gyaɗa, ta ce babu, alhali ƙuli ne. Na ce a ganina ba ta yi ƙarya ba, tunda an matse gyaɗar ta zama wani abu daban.

Ya shafa gemu ya ce, "Hajiya, in kika shiga keke napep da mata uku masu jiki, aka matse ki tun daga Kawo har babbar kasuwa, in kin sauka wata ce daban?"

Na ce wannan ai ba misali ba ne. Na kawo masa hujjar da na taho da ita tun daga gida: man kanti da ake sayarwa a jarka kowa man gyaɗa yake ce masa, alhali babu gyaɗa ko ɗaya a cikinsa, Ummu ta karanta mini. To in mai suna gyaɗa ba gyaɗa ba ne, me ya sa za a kama wanda ko sunan bai ɗauka ba?

Ya ce hujjar ta yi kyau, sai dai maƙogwaron yaron ba ya jin Hausa. Ya ce kuma rubutun jikin kwalba shaida ce, ba wa jikarta kaɗai ta ba da ita ba, duk wanda ya ɗauki kwalbar ya karanta ita ce ke rantse masa, ko tana gida tana barcin rana.

Ban ce wa Malam baiwar Allahn tana da jika ba.

Da zan tashi ya ce in gaishe ta, in ce mata iyalinsa suna jin daɗin yajin.

Talata, 15 ga Yuli, da safe

Yau kasuwar Kawo. Ban je ba. Ƙafata ce.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan la'asar

Maganar Malam ta hana ni sakat, wai duk wanda ya ɗauki kwalbar. Na shirya na tafi babban kantin nan na Unguwar Rimi. Kwalabena tara a kan kanta, daidai idon mai wucewa. Na waiga hagu, na waiga dama, na juya su ɗaya bayan ɗaya suka fuskanci bango. Ban kai ƙarshen layin ba wata ma'aikaciya ta bi ta juyo da su. Na zagayo na kwashe su biyu-biyu na tura bayan kunzugun jarirai, can ƙasa.

Ashe kantin yana da idanu a rufi. Manaja ya fito da kansa. Ya dube ni, ya dubi kwalbar da ke hannuna, ya sake dubana. Ina jiran a kira ɗan sanda sai na ji ya ce, "Lah, Kaka Hansai ce da kanta." Aka kawo mini kujera da lemo. Mutane suka taru ana ɗaukar hoto, ina riƙe da kwalba, jan rubutun nan daidai haɓata. Manaja ya ce ai rubutun ne ke sayar da kayan, don sauran masu yaji ba sa faɗin komai.

Na ce dama gyara musu jeri nake yi.

Na dawo na ce wa Ummu kada ta kai wa kowa sabon kaya, turmina ya tsage. Turmin yana nan lafiyarsa lau, na rufe shi da tsohon zane don kada ya ji.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan azahar

Na samo dabara. Zan daka wani yajin babu baƙon nan a ciki, in zuba a kwalabe shida masu sitika, in je in musanya da na gidan Ummu. Ba wanda zai kumbura, ba wanda zai ji kunya.

Na wanke turmi sau uku, da ruwan zafi da toka. Na daka. Na ɗanɗana.

Barkono tsirara. Ya shiga hancina ya fito ta kunne. Shekara talatin da ɗaya ana yabon hannuna, ashe Hasiyar Kawo ake yabo.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Na je da kwalabe shida a jaka ƙarƙashin hijabi, kowace na naɗe ta da safa don kada su yi ƙara. Na zauna ina ta hira har aka kira la'asar, na ce wa Ummu ta je ta yi salla, ni gwiwata sai ta huta tukuna. Tana shiga ɗaki na faɗa kicin kamar 'yar shekara ashirin. Na musanya ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Biyar ne a kan kantar.

Na duba bayan shinkafa, na duba cikin firij, har tukwane na buɗe. Na fito falo na tambayi Suhaib, a cikin hira dai, ina buɗaɗɗiyar kwalbar nan da aka fara ci. Ya yi wani murmushi kamar yaron da aka kama da sukari. Wai tana ofis, a cikin durowarsa, ya kulle. In lokacin cin abinci ya yi, ya buɗe farar shinkafarsa, sai ya buɗe kwalbar ya ɗan shinshina daga nesa, ya rufe, ya ci shinkafa da tunani. Ya ce har hancinsa ƙaiƙayi yake yi, idonsa ya yi ruwa, alamar yaji na gaske. Ya ce da ita zai buɗe baki ranar Asabar, ita ta fara, ita za ta ƙarasa.

Na ce shinshina abinci ba tarbiyya ba ce, ya daina. Ya ce to, amaryata.

Na dawo gida da kwalabe shida, biyar masu laifi, ɗaya mai wuta. Sallar la'asar ɗin sai a gida na yi ta, na kuma yi sujadar rafkanuwa.

Litinin, 21 ga Yuli, da safe

Ƙuli-ƙuli dai.

Talata, 22 ga Yuli, bayan magariba

Ban ci tuwo ba. Na zauna da kwano a gaba sai na riƙa jin muryar Ummu a mota tana kiran sunansa. Ban ma kasance a motar ba, amma ina ji.

Yaron nan in ya zo gaishe ni, a bakin ƙofa yake cire takalmi tun kafin ya kai tabarma. Ya gyara mini rediyo bai gaya wa kowa ba.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Na kira Ummu don in faɗa mata. Na ce akwai magana. Ta ce tana ji. Na ce ruwan jiya ya cika mana kwata. Muka yi minti goma a kan kwata.

Kafin ta ajiye ta ce ta gayyaci matan layinmu da suka raka gara, su biyar, cin kajin ranar Asabar. Na ce har da wa da wa. Ta lissafa. Ta huɗun Talatu ce.

Awo ya hau har na'urar ta yi ƙara sau biyu.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Gobe da sassafe zan je, kafin kowa ya zo. In ja ta kicin, in faɗa mata a kunne, ta ɓoye kwalbar, a ce ta faɗi ta fashe. Daga baya a san yadda za a yi da na kantuna. Na yi ta maimaita maganar a gaban madubi. A madubi ba ta da wuya.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan magariba

Ruwa ya tsuge tun asuba bai ɗauke ba sai kusan azahar. Keke napep ɗin da na samu ya mutu sau biyu a hanya. Ko da na isa falo ya cika. Hajiya Aminatu mahaifiyar Suhaib tana kan kujera, matan layinmu a kan darduma, Talatu a can gefe ta ɗora jaka a cinya. Kaji a faranti. Angon ya sha farar shadda, kwalbar ofis a hannunsa, ya riga ya cire murfi. Yana ganina ya ce ga mai kayan ta iso, dama ita ake jira.

Na nemi Ummu da ido, tana can tana raba ruwa. Ya karkata kwalbar a kan cinyar kaza.

Na ce, "Ajiye kwalbar nan."

Ya ce, "Hajiya Kaka, rowa za ki yi mini yau?"

Na ce, "Akwai ƙuli a ciki."

Hajiya Aminatu ta tashi, ta karɓi kwalbar da bakin mayafinta kamar ta kama kunama, ta fita da ita, ta dawo ta ɗauke farantin ma.

Ummu ta ce, "Kaka, na tambaye ki."

Na ce, "Gyaɗa kika tambaya."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kaina da na ji maganar a waje, ba a cikin kaina ba, sai na ji ba ta da ƙafa. Ummu ta ajiye jug ɗin ruwa a hankali ta shige kicin. Ina jiyo ta tana kiran kantuna ɗaya bayan ɗaya, tana cewa a sauke kayan yanzu-yanzu.

Can sai Talatu ta yi gyaran murya. Na ce a raina to, shekara goma sha tara tana tara wannan, bari in sunkuya. Ita kuwa a hankali ta tambaya nawa nake sawa. Na ce ɗan kaɗan. Ta ce, "Hansai." Na ce mudu ɗaya a cikin uku.

Ta jinjina kai ta ce, "Ni ko lokacin da nake sawa ban taɓa wuce ɗaya cikin biyar ba."

Lokacin da take sawa. Ashe tun ranar sunan nan ta koma gida ta yi rantsuwa gyaɗa ba za ta sake shiga turminta ba. Masara take gasawa ta daka, ita ke ba da gardin. Duk shekarun nan ana kiranta mai ƙuli, babu ƙuli ko ƙwaya a yajinta, kuma ba ta ga amfanin gaya wa mutanen da suka riga suka yi dariya ba.

Da gishiri aka ci kaji. Ni ban ci ba. Ummu ba ta fito ta yi mini sallama ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan azahar

Waya ba ta yi ƙara ba. Na duba, akwai caji.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan la'asar

Na shiga gidan Talatu, rabona da shi tun kafin a sa musu ƙofar ƙarfe. Ta bar ni a tsaye har ta gama shanya. Sannan ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini masa da yajinta a gefe. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ba zan rubuta shi a nan ba, na faɗa sau ɗaya ya isa. Ta ce ta ji, amma a gaban mata arba'in aka yi, yau kuwa daga ita sai kaji. Akwai suna a gidan Bala na layinmu ranar Asabar mai zuwa, can take so ta sake ji. Na ce to.

Na ci masar. Ba zan rubuta yadda yajin yake ba.

Da na dawo Suhaib ya kira. Na ɗauka ina jiran faɗa. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi gwiwa. Sannan ya ce, "Hajiya Kaka, saura kaɗan ki ja wa kanki takaba, tunda kin ce ni angonki ne." Na buɗe baki in rama, sai abin da ya fito ba magana ba ce. Ya jira har na gama kukan. Ya ce abokinsa mai biskit, da ya yi sati uku ba ya iya haɗa ido da shi, yana gaishe ni da kyau.

Na tambayi Ummu. Ya ce tana nan.

Laraba, 30 ga Yuli, da hantsi

Ta zo. Ba ta ce tsohuwa ba, ba ta ce Kaka mai rigima ba, ta gaishe ni kamar baƙuwa. Ta zauna a kan tabarma ta fito da biro. Wannan karon duk abin da na lissafa sai ta ce, da me ake yin sa? Citta da me ake yin ta? Na ce da citta. Gishiri fa? Na ce ki tambayi Allah. Bakinta ya ɗan motsa, ta danne.

Ta ce haka ta titsiye Talatu jiya, har turmi da taɓarya ta duba, kuma duk da haka sai likita ya yarda kafin Suhaib ya taɓa yajinta. Ta ce a kantuna ta bar sanarwa, duk wanda ya sayi na da ya sani akwai gyaɗa. Zuwa yanzu ba a ji kowa ba. Ta ce wannan ba wayona ba ne, rufin asirin Allah ne. Ban yi musu ba.

Muka zo kan sabon rubutu. Za a sa AKWAI GYAƊA, a ƙasa a sa ƙuli-ƙuli. Na ce to, amma a yi shi ƙanana, can ƙasa, irin na masu biskit, su da suke da injina ma haka suke yi. Ta ce girman da na da ya yi, shi wannan zai yi, kuma da ja. Na ce a rage rabi. Ta ce a'a. Na ce to a cire hotona. Ta ce hoton yana nan, mai shaida ba ya ɓoye fuska.

Da za ta tafi ta buɗe tukunyata ta ɗauki nama biyu ba ta tambaya ba. Na ce ɓarauniya. Ta ce gado ta yi.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Mun mayar da kwalabe babban kanti da sabuwar sitika. Manaja ya gaishe ni, amma yau babu lemo. Ummu ta shiga ofishinsa, ni na tsaya a wajen kanta na ja hijabi har gira, ina kallon fuskata tana murmushi a kan asirina.

Sai ga wata mata da 'yarta, yarinyar ba za ta wuce shekara shida ba, an yi mata kitso da 'yan duwatsu. Matar ta miƙa hannu ta ɗauki kwalba, har ta kai ta bakin kwando. Sai ta tsaya, ta ɗago ta, ta matso da ita kusa da ido, tana motsa baki. Ta dubi yarinyar. Ta mayar da kwalbar inda ta ɗauko, ta goge hannunta a jikin mayafi, ta ce, ba da kowa take ba, "Allah ya so na duba."

Na ce mata in yaji take nema wanda yarinyar za ta iya ci, akwai wata Talatu a layinmu, ta je ta yi mata tambayoyi da kanta. Na kwatanta mata gidan. Ta yi godiya, ta ja hannun 'yarta, duwatsun kitson suna ƙara har suka sha kwana. Ba ta gane ni ba.

Na samu wuri na zauna a kan buhun shinkafa, don gwiwar da gaske take ciwo yau.

Ummu ta fito ta ce lafiya. Na ce lafiya lau, amma in za a buga na gaba a ƙara wa rubutun nan girma. Matar sai da ta kai kwalbar har hanci kafin ta gani.